An Cire Sunan Asma'u

Inna Saude ta haura shekara saba'in lokacin da aka ɗauko ta daga Gwiwa ta zo Kazaure ta koya mana kiɗan ƙwarya da shantu. Ni sunana Rahamatu. A lokacin ban daɗe da ajiye aikin koyarwa ba, bayan shekara talatin da biyar ina fama da alli a makarantun firamare na Kazaure da Roni. Zaman gida ya ishe ni. Yara duk sun watse gidajensu, maigida kuma in ba ya gona to yana majalisa. Da na ji an ce wata ƙungiyar mata ta buɗe ajin koyon waƙoƙi da rawar iyayenmu, sai na yafa mayafi na je na ba da sunana. Yayata da ta ji ta ce, "Yanzu ke da girmanki za ki je ki zauna kina dukan ƙwarya kamar zabiya?" Na ce mata e, haka zan yi.

Ƙungiyar ta Hajiya Lailatu ce, matar wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya. Ba zan ɓoye gaskiya ba, da farko ta yi ƙoƙari. Ita ta gyara wani tsohon sito a bayan gidanta, ta shimfiɗa tabarmi, ta sayo ƙore manya da ƙanana da shantuna. Ta sa 'yar ƙaninta Nafisat, wadda ta gama jami'a a Kano, ta riƙa buɗe ɗakin tana kiran suna. Yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce mu ba ta rusuna ba.

Mu ashirin da biyu ne. Akwai matan aure, akwai zawarawa, akwai tsofaffi irina. Zubaida ungozoma ce daga Babura, takan shigo motar haya da sassafe. Halima Sa'adiyya kuwa Bafulatana ce mai sayar da nono daga wajen 'Yankwashi. Takan ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa, ta rufe da faifai, ta shigo tana cewa a yi sauri kafin ya yi tsami.

Inna Saude kan iso kowace Talata da Asabar a kan babur, shantunta naɗe cikin tsohon zane. Gajeriyar mace ce, siririya, mai zobban azurfa uku a hannun dama. Ranar farko ba ta bar kowa ya taɓa ƙwarya ba. Tafi kawai muka yi har azahar. Ta ce sai kunnenmu ya ji tukuna kafin ta ba hannunmu wani abu. A mako na uku ta kifa ƙwarya a cikin babban kwano mai ruwa, ta ɗauki tsinke biyu ta ɗan taɓa, sai ga wani sauti mai zurfi ya cika ɗakin, kamar daga ƙarƙashin tabarma yake fitowa. Ta miƙo mini tsinkayen. Na buga sau huɗu ta riƙe hannuna.

"Malama, ƙirge kike yi a zuci," in ji ta. "Ina ganin leɓenki yana motsi. Nan ba ajinki ba ne. Daina ƙirge ki saurari Halima."

Aka yi ta dariya, har da ni. Rabon da a tsawata mini a gaban mutane na manta, amma daɗi na ji.

Rawa ma haka ta koya mana. Ta ce rawar mata ba tsalle ba ce: ƙafa ba ta rabuwa da ƙasa, kafaɗa ke fara tafiya, sauran jiki ya biyo. Takan tashi da ƙyar, tana dafa gwiwa, amma da zarar ta ɗaura ɗankwali a ƙugu sai ka rantse an sauke mata shekara talatin. Ta koya mana takun daɓe, wanda mata ke yi a jere suna ja da baya, da juyin da ake yi wa amarya, da yadda ake buga shantu a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu. Cinyata ta yi mako biyu tana ciwo.

Wata Asabar a tsakiyar damina ruwa ya tsare mu. Ƙarar kwanon rufi ta hana kiɗa, sai muka zauna muna hira. Da ruwan ya sassauta, Inna Saude ta jawo shantunta ta fara bugawa a hankali, ba don mu ba, don kanta. Sai muka ji ta ɗauki wata waƙa da ba mu taɓa ji ba.

"Asma'u ta tafi Roni da rana,
Ba ta dawo ba, gero ya nuna."

Baiti bakwai ne, kowanne yana ƙarewa da wannan amshi. Da ta gama, Zubaida ce ta tambaye ta wace ce Asma'u.

Ta ce yayarta ce. Uwarsu ta rasu Saude tana goye, Asma'u ce ta raine ta. Wata shekara da aka yi annoba, Asma'u ta tafi Roni da ƙafa ta dubo surukarta da ba ta da lafiya, ta ce kwana biyu za ta yi. Ciwon ya kama ta a can. Kafin labari ya iso Gwiwa an riga an binne ta. Saude tana da shekara goma sha huɗu. A bakin turmi ta yi waƙar, tana daka tana kuka. Ta ce ba ta taɓa yin ta a biki ba, ba ta taɓa karɓar ko goro a kanta ba.

Mu muka roƙe ta ta koya mana. Wannan laifin namu ne, kuma ni na fi kowa naci. Ta ƙi sau biyu, a na uku ta yarda. Nafisat ta matso da wayarta ta ce, "Inna, in ɗauka? Don kada ta ɓace." Inna Saude ta dube ta ta ce, "Ɗauki. Amma in za ki rubuta, ki rubuta daidai."

Bayan wata shida Hajiya Lailatu ta ce za a yi bikin yaye mu, za a gayyaci manyan mata daga Kazaure da Dutse da Kano. Aka ɗinka mana anko. Inna Saude ba a ba ta ba, wai ita ba ɗaliba ba ce. Na ji abin bai yi mini daɗi ba, amma na yi shiru. Sai kuma Nafisat ta ce ita za ta riƙa ba da waƙa a ranar mu yi amshi, saboda muryar Inna ba ta fita a lasifika. Inna Saude ta ce ba komai, dama ƙirjinta ba ya ɗaukar doguwar waƙa yanzu. Nan ma na yi shiru.

Ranar bikin aka kafa rumfuna a wani fili mai katanga, aka jera kujeru masu farin ƙyalle. Tun ƙarfe goma muna can cikin ankonmu. Sha ɗaya ta wuce ba mu ga Inna ba. Halima Sa'adiyya ta fita dubawa, sai ga ta ta dawo riƙe da hannun tsohuwar, fuskarta a murtuke. Ashe tun ɗazu Inna Saude take tsaye a bakin ƙofa cikin rana. Mai gadi ya ce sai ta nuna kati, ita kuma ba wanda ya ba ta kati. Ta ce masa ita ce mai koyarwa, ya ce masu roƙo sai an tashi.

Na nemi kujera a gaba aka ce duk da sunaye a kansu. Wata mai hidima ta nuna mata benci a can baya, kusa da kulolin abinci. Ta zauna, ta ɗora shantunta a cinya, ta ce in samo mata ruwa.

A hanyar ɗebo ruwan na ga ana raba wani ɗan littafi mai sheƙi. Na karɓi ɗaya. A bangonsa an rubuta cewa waƙoƙin matan ƙasar Kazaure ne, tattarawa da tsarawa da koyarwa na Nafisat, ƙarƙashin jagorancin Hajiya Lailatu, ga hoton Hajiya ya cika rabin shafi. Na buɗe ina neman sunan Inna. Shafi ashirin da huɗu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar ina duba jarrabawa. A ƙarshe, cikin godiya, bayan mai hoto da mai ɗinki, an ce "da wata dattijuwa daga Gwiwa."

Sannan na ga waƙa ta huɗu.

"Lailatu ta zo mana da rana,
Ta kawo haske, gero ya nuna."

Duk baitocin bakwai an juya su. Inda Saude ta ce ta leƙa hanya har ido ya gaji, an mayar da shi mata sun leƙa hanya sun ga motar Hajiya.

Na sami Nafisat a bayan rumfa tana gyara ɗaurin kai. Na buɗe mata shafin. Ta sunkuyar da kai.

"Mama, wallahi ba ni ba ce. Anti Lailatu ce ta ce waƙar mutuwa ba ta dace da taro ba, a gyara. Karin bai canja ba, amshin ne kawai za ku duba a takarda."

"Sunanki da ke bango fa, shi ma Anti ce ta riƙe hannunki?"

Ta ci gaba da gyara ɗaurin kanta.

Na wuce wurin Hajiya Lailatu. Tana tsaye tana tarbar baƙi, ta ja ni gefe tana murmushi don kada a lura. Na faɗa mata abin da na gani, da abin da aka yi a bakin ƙofa. Ta ce na ƙofa kuskure ne, za ta yi wa mai gadin faɗa.

"Amma maganar littafi, Malama Rahamatu, ke fa mai ilimi ce. Waƙar gargajiya ba ta kowa ba ce, ta al'umma ce. Mu muka fito da ita daga ƙauye."

"Wannan tana da mai ita, Hajiya. Ga ta can a kan benci. Yayarta ce ta mutu."

"To ai ba zagin yayar aka yi ba." Ta ɗan taɓa kafaɗata. "Kuma tsakani da Allah, tsohuwar nan ba karatu take yi ba. Me suna a takarda zai ƙara mata?"

Shekara talatin da biyar na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta sunansu. Na san yadda yaro ke kallon allo ranar da ya fara ganin nasa. Ban taɓa jin maganar da ta ƙona mini rai irin wannan ba, kuma da murmushi aka faɗa mini ita. Na cire hannunta daga kafaɗata na tafi.

Na yi ta shawara ko in ɓoye wa Inna. Na ga in na ɓoye, a lasifika za ta ji. Na kai mata ruwan, na tsuguna a gabanta na karanta mata. Ta ce in sake. Na sake. Ta daɗe tana murza zoben hannunta.

"Lailatu ai tana da rai," in ji ta. "Me ya kai ta shiga waƙar mamaciya?"

Na ce ta yi haƙuri ta zauna, ba za mu bari ba. Ta ce, "Je ki, ana kiranku."

Ba ni da lokacin tara mata. Muna hawa dandamali na faɗa wa Zubaida da Halima kawai cewa kada a yi amshin waƙa ta huɗu, su kuma suka raɗa wa na kusa da su. Waƙa uku na farko suka tafi lafiya. Muka yi takun daɓe a jere, ƙwaryar ruwa tana amsawa, baƙi suna tafi, wasu suna ɗaga waya. Gaskiya mun yi kyau, kuma duk wani taku da muka yi na Inna Saude ne.

Sai Nafisat ta ɗaga murya: "Lailatu ta zo mana da rana."

Mata uku ko huɗu da saƙon bai kai gare su ba suka fara amshi daga takarda, da suka ji su kaɗai ne sai suka yi shiru. Masu ƙwarya suka ajiye tsinke. Nafisat ta waiwayo ta dube mu. Ta sake maimaitawa. Ba wadda ta amsa. Can sai Halima Sa'adiyya, da muryarta mai kaifi da harshenta na Fulani, ta jefa amshin da aka koya mana: "Ba ta dawo ba, gero ya nuna."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Wata daga cikin baƙi ta ce subhanallahi, wane irin fata ne wannan ake yi wa mai taro. Na ga in na yi shiru za a ce mugun baki muka yi wa Hajiya. Na matsa gaba. Ban karɓi lasifika ba, muryar da nake tara ɗalibai ɗari huɗu da ita a filin makaranta ta ishe ni.

Na ce waƙar nan ba ta Hajiya ba ce, ba ta Nafisat ba ce. Ta Saude ce ta Gwiwa, ta yi ta ne don yayarta Asma'u da ta rasu a Roni shekara kusan sittin da suka wuce. Na ce duk abin da suka gani yau ita ta koya mana, wata shida tana hawa babur da tsufanta, kuma yau an tsayar da ita a rana a bakin ƙofa, an kira ta mai roƙo. Na ce ga ta can a baya, su juya su gan ta.

Suka juya. Bencin babu kowa sai kofin ruwa. Daga baya mai hidimar ta ce mini tun muna waƙa ta biyu Inna ta tashi ta fita. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Mai gabatarwa ta yi sauri ta kira addu'a. Aka raba takardun shaida a gurguje. Ban karɓi tawa ba.

Washegari Hajiya Lailatu ta sa kwaɗo a ɗakin, ta aika a karɓo shantunan da wasu suka tafi da su gida. Ta aika wa maigidana cewa na tozarta ta a gaban baƙinta. Yayata ta zo har gida ta ce dama ta faɗa. Cikin ɗalibai ma an rabu. Wasu suka ce da na bari an tashi sai a yi maganar a ɗaki, yanzu ga shi na rufe musu aji. Ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Amma a ɗaki aka cire sunan, a fili aka raba littafin.

Bayan kwana uku ni da Zubaida da Halima muka shiga mota zuwa Gwiwa. Muka sami Inna Saude a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta shimfiɗa mana tabarma, muka gaisa. Zubaida ta ba ta labarin abin da ya faru bayan tafiyarta, tana zaton za ta ji daɗi. Ba ta daina ɓara ba.

"Wa ya aike ku?" in ji ta. "Yanzu sunan Asma'u yana bakin matan da ba su san ta ba, suna tauna shi da shinkafa."

Na ce ta yafe mana. Ta ce ba mu ne muka yi laifi ba, ita ce ta buɗe baki ranar da aka yi ruwa. Muka roƙe ta ta ci gaba da koya mana a gidana, ko mu nawa ne. Daga ƙarshe ta ce za ta zo ranar Asabar kawai, Talata ta yi mata yawa. "Amma waccan waƙar na ɗauke ta. Kada in ji ta a bakin kowa a cikinku."

Mu tara muka dawo. A tsakar gidana muke yi, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da ƙoren da kowa ta kawo daga ɗakinta. A Asabar ta huɗu Nafisat ta zo. Ta durƙusa a bakin zaure ta ƙi shigowa, tana hawaye, ta ce in an sake buga littafin za ta sa a gyara. Inna Saude ta amsa gaisuwarta da kyau, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abu ɗaya ta nema, a goge muryarta daga wayar. Nafisat ta goge a gabanta. Sannan ta ce, cikin ƙaramar murya, ta riga ta tura wa Anti da mai buga littafin da wasu ƙawayenta tun da daɗewa, ba ta san inda ta kai ba yanzu. Inna ta ce to, ta juya ta ce Halima ta ɗauki kiɗa daga inda aka tsaya.

Littafin ba a sake buga shi ba. Hajiya Lailatu kuma na ji an ba ta lambar yabo a wani taro a kan raya al'adu.

Bayan ƙaramar Sallah aka gayyace ni bikin 'yar wata tsohuwar abokiyar aikina a nan Kazaure. Muna zaune ana cin abinci, mai kiɗan na'ura ya saki wata sabuwar waƙa mai fiyano da ganguna, 'yan mata suka zuba a fili suna ihu. Ban kula ba da farko. Sai karin ya kama kunnena. Wani saurayi ne yake rerawa da murya mai gardi, an sa sunan amarya a farkon baiti, an ce ta tafi gidan miji da rana, gero ya nuna. Har bugun shantun Inna yana ciki, an yanko shi an saka a ƙarƙashin fiyanon, ina jin ƙarar zobbanta.

Na ajiye cokali. Na je wurin mai na'urar na tambaye shi waƙar wa ce. Ya ce shi ma a waya aka turo masa, amma tana tashe, ko ina so ya turo mini? Na nemi takalmana na fita ban yi wa uwar amarya sallama ba.

Ranar Asabar Inna Saude ta zo da tari, ta ce rawa kawai za mu yi, ba za ta iya waƙa ba. Ta zauna a kan turmi tana buga mana tafi, tana yi wa Zubaida faɗa a kan ɗaga ƙafa. Da aka tashi na raka ta bakin titi, na tsayar mata da babur, na riƙe mata shantun har ta hau. Ta tambaye ni yaya bikin da na je. Na ce an yi lafiya.